Manuwal ko otomatik: wacce sabon direba zai saya a Maradi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zariya a nan Maradi, aikina cikin gari ne, amma kusan kowane ƙarshen mako nakan je ƙauyenmu bayan Mayahi, inda kwalta ke ƙarewa a faɗa yashi. Mako uku ke nan ina koyon tuƙi da mota mai kuloci, har yanzu tana mutu mini wajen tashi. Na tara ɗan abin da zan sayi mota ta hannu. Abokaina sun ce in hutar da kaina in ɗauki otomatik, kawuna kuma ya ce manuwal ce motar talaka. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da hukunci kafin hujja. Da irin hanyar da ka ambata, da kuma kuɗin da ba su kai na sabuwar mota ba, manuwal mai shan fetur ta fi dacewa da kai, kawunka ya yi gaskiya. Mutuwar mota wajen tashi ba dalilin sayen mota ba ne. Matsala ce ta ƙafar hagu, takan wuce cikin mako biyu ko uku in an nuna maka yadda ya kamata, alhali motar da za ka saya shekara biyar ko fiye za ku yi tare, da zafin watan Afrilu da yashin hanyar ƙauye da makanikin da zai riƙa buɗe ta. Akwai halin da otomatik ta fi, zan zo kansa. Amma mu fara da abin da ke damunka yanzu.

Kuloci, wanda a garejojinmu za ka ji ana ce masa ambirayaj, abu uku ne a haɗe. Akwai faranti mai kaushi, wato diski, wanda ke manne da sandar da ke shiga buwat, akwatin giya ke nan. Akwai pilato mai ƙarfin sifirin da ke matse wannan farantin a jikin babban ƙarfen da inji ke juyawa. Sai ɗan boris da ake kira bute, shi ne ke tura pilaton ya saki farantin duk lokacin da ka taka. Ka taka har ƙasa, inji ya rabu da tayoyi. Ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, sun zama abu guda. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan wuri, bai fi faɗin yatsu biyu na tafiyar ƙafa ba, inda farantin ke fara gogar ƙarfen yana zamewa. Duk tuƙin manuwal a wannan ɗan wurin yake. Inji a tsaye yana juyi 700 zuwa 900 a minti, motar kuma ta fi tan guda nauyi kuma ba ta motsi. In ka wuce wurin kamun nan da sauri, kamar ka ɗora wa jaki buhu huɗu ne lokaci guda: juyin ya faɗi ƙasa da abin da inji zai iya rayuwa da shi, ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Kuskuren kusan kowane ɗan koyo shi ne yana ɗaga ƙafa a hankali har motar ta fara motsi, sai murna ta kama shi ya sake sauran gaba ɗaya. A nan ne ya kamata ƙafa ta tsaya, ba ta gudu ba.

Ga yadda ake gyara wannan. Nemi fili shimfiɗaɗɗe mai tauri, ba yashi, ba yara. Gyara kujera ta yadda in ka taka kuloci har ƙasa gwiwarka na da ɗan lanƙwasa, kuma ka cire silifa ka sa takalmi mai siririn tafi, don da silifa ba ka jin abin da feda ke gaya maka. Tada inji, taka kuloci, sa giya ta ɗaya, sauke birkin hannu. Kada ka taɓa totur ko kaɗan. Ɗaga ƙafar hagu sannu a hankali har ka ji sautin inji ya ɗan yi ƙasa, sitiyari ya ɗan yi rawa, gaban motar ya ɗan ɗago. Tsaya nan, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuciyarka. Motar za ta fara rarrafe da kanta. Sai ta kama tafiya kamar ta mai ƙafa sannan ka ƙarasa sakin. Taka kuloci, taka birki, sake daga farko. Yi haka sau 20 ko 30 a zama guda, kwana uku a jere, ƙafar za ta haddace wurin ba sai ka yi tunani ba. Bayan nan ne za ka ƙara totur: ɗan kaɗan, allurar juyi ta tsaya wajen 1,200 zuwa 1,500, ka riƙe ta nan, ka saki kuloci yadda ka saba. Masu koyarwa da yawa suna haɗa wa ɗalibi ƙafa biyu tun ranar farko, shi ya sa yake rikicewa. Kuma in ta mutu maka a shataletale, ƴan kabu-kabu suna ta danna oda a bayanka, ba wani abu ba ne: birki, kuloci, juya makulli, tashi. Daƙiƙa biyar ne. Gaggawar da odar ke sa ka ita ke sa ta sake mutuwa karo na biyu.

Tashi a kan tudu shi ne darasi na gaba, kuma gangaren da ke sauka wajen Gulbi ya ishe ka gwaji da sassafe kafin hanya ta cika. Ja birkin hannu, sa giya ta ɗaya, ba da totur zuwa 1,500 ko ɗan sama, kawo kuloci wurin kamu har ka ji motar tana jan birkin kamar akuyar da ke son tsinke igiya, sannan ka sauke birkin hannun a hankali. Ba ta komawa baya ko taƙi ɗaya. Abin da ba a yi shi ne riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci maimakon birki. Tana tsayawa kam, amma farantin na ƙonewa ne duk tsawon lokacin.

Canjin giya ba shi da wuya kamar tashi. A ƙaramar mota mai fetur, ta ɗaya don tashi ce kawai, zuwa kilomita 15 ko 20 a awa. Ta biyu zuwa 30 ko 35. Ta uku zuwa 50. Ta huɗu zuwa 70. Daga nan ta biyar. In motar na da agogon juyi, canja tsakanin 2,000 da 2,500 a tafiyar yau da kullum, ka bari ya haura 3,000 in za ka wuce babbar mota a hanyar Tasawa ko Gidan Rumji. Tudun rage gudu da kwana a giya ta biyu ake shigarsu, kuma a gama canjin kafin a shiga, ba a tsakiya ba.

Halayen da ke kashe kuloci da buwat sanannu ne, kuma tun yanzu ya kamata ka guje su don abin da ƙafa ta saba da shi a watan farko da wuya ta bari. Ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, ko da ba a taka ba, yana sa bute juyawa ba hutu kuma yana rage matsin pilato. Tsayawa a danja da giya a ciki da kuloci a take na tsawon minti, shi ma bute ke biya. Mayar da ita firi ka ɗaga ƙafa. Ɗora hannu a kan sandar giya yana goge cokulan da ke cikin buwat. Jan mota a giya ta huɗu tana tafiyar 25 don a tsimi mai, inji na kakkarwa, wannan ba tsimi ba ne, wahalar da inji ne. Sakin mota a firi a gangare kuma, wanda wasu direbobin haya ke alfahari da shi, ya raba ka da riƙon inji ya bar wa birki duk aikin. A motoci masu injekta ma ba ya rage shan mai, don in giya na ciki ka ɗaga ƙafa daga totur kwamfutar motar yanke mai take yi. Ribas kuwa a yawancin tsofaffin motoci ba ta da zoben daidaita gudu, sai mota ta tsaya cak ake sa ta. In ta ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi: koma firi, saki kuloci, sake takawa, ko ka fara sa ta ɗaya sannan ka koma ribas.

Yanzu dalilin da ya sa na ce manuwal. Abin da ke lalacewa a cikinta sananne ne kuma mai iyaka. Kuloci a ƙafa mai kyau yakan haura kilomita 100,000. In ya ƙare, a sauke buwat a sa sabon diski da pilato da bute, aikin yini guda, kuma kusan kowane makaniki daga Maradi har Dakwaro ya iya shi. Ka dage a canja ukun tare. Wanda ya ce a sa diski kaɗai don sauƙi, bayan wata shida bute zai fara kuka ka sake biyan kuɗin sauke buwat, tsugune ba ta ƙare ba. A duba robar da ke tare baƙin mai a bayan inji tunda an riga an buɗe, don in tana yoyo za ta jiƙa sabon farantin. Man buwat ɗin kansa wajen lita 2 ne a ƙananan motoci, galibi 75W-90 ko 80W-90 mai lambar GL-4, sai dai Honda da ke da nata na musamman. Ana duba shi ta ƙusar cikawa da ke gefe, ya kamata ya zo daidai bakin ramin. Ka sa makaniki ya fara kwance ƙusar cikawar kafin ta zubarwa, kada a zubar da mai sannan a tarar ta sama ta ƙi kwancewa. Na ce mai fetur ne saboda da yawa daga motocin gazuwal na Turai suna da wani irin ƙarfen juyi mai hawa biyu da sifirin a ciki, wanda in ya lalace kuɗinsa ya fi na kulocin gaba ɗaya, kuma ɗan koyo mai yawan kashe mota yana gaggauta mutuwarsa.

Otomatik kuwa, kuskuren farko shi ne ɗaukarta abu guda. Motocin da suka shigo mana ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, da waɗanda ke ƙetarowa ta Jibiya da Ɗan Isa, aƙalla iri huɗu ne a ƙarƙashin wannan sunan, kuma dillali ba zai bambance maka ba.

Ta farko ita ce ta gargajiya, mai giya 4 ko 5, wadda maimakon kuloci take da wata tukunya cike da mai da ake kira konbata: fanka ɗaya na jefa mai, ɗaya na karɓa. Ita ce a Corolla da Camry da RAV4 na shekarun 2000, kuma in ana kula da manta tana da juriya ƙwarai. In za ka sayi otomatik, wannan ce. Ta biyu CVT, ba ta da giyoyi, bel ne na ƙarfe tsakanin kwanuka biyu masu buɗewa da rufewa. Tana cikin Nissan da yawa, da Corolla ta Amurka daga 2014. Ba ta shan mai da yawa, amma ba ta son zafi, ba ta son kaya mai nauyi, ba ta son a kafe a yashi ana ta ba ta wuta, kuma in bel ɗin ya fara zamewa magana ta koma sayen wata buwat. Ta uku ita ce mai yaudarar mutane: manuwal ce a ciki, da kulocinta da komai, sai dai ƴan injunan lantarki ne ke taka shi. Toyota ta sa ta a wasu Yaris da Auris da Corolla Verso na Turai da sunan MMT. Za ka gane ta da sandar giya, ba harafin P na ajiye mota, sai R da N da E da M. In aka canja mata kuloci sai an saita ta da kwamfuta, ba kowane gareji ke da wannan ba. Ta huɗu mai kuloci biyu, irin DSG ta Volkswagen da PowerShift ta Ford, mai daɗin tuƙi a babbar hanya, amma busasshen nau'inta ba ya jure rarrafen cunkoso cikin zafi. Ga sabon direba mai mota ɗaya tilo, ukun ƙarshen nan ban ba da shawararsu ba.

Ran otomatik mai ne. A manuwal mai shafawa kawai yake yi. A otomatik shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke matse farantan ciki, shi ke sanyaya su. Yana aiki lafiya a wajen digiri 80, in ya riƙa haura 120 sai ya ƙone, ya yi baƙi, farantai su fara zamewa. To ka tuna a nan garin, a Afrilu da Mayu, iskar da ya kamata ta sanyaya lagireto ita kanta ta haura digiri 40. Man buwat ɗin ta cikin wani bututu a ƙasan lagireto yake bi ya huce, saboda haka lagireton da ƙura da ƙaiƙayi suka toshe, ko fankar da ba ta tashi, ba inji kaɗai suke cuta ba. In bututun nan ya huje ruwa ya gauraya da man, za ka ga ya koma kamar madara mai ruwan hoda, kuma daga nan buwat ba ta daɗewa. A irin yanayinmu ana canja man duk kilomita 40,000 zuwa 60,000, ko da littafin motar ya ce na har abada ne. Buwat na ɗaukar lita 6 zuwa 8, amma bidanj, wato juye tsohon mai, na fitar da 3 ko 4 ne kawai, sauran na maƙale a konbata. Kuma ba kowane jan mai ba ne: Toyota tsofaffi T-IV, na baya-baya WS, Honda nata daban, CVT ta Nissan NS-2 ko NS-3. Sau da yawa an rubuta nau'in a jikin sandar awo. Zuba wa CVT man otomatik na gargajiya, ko sayen na galan da ba a san asalinsa ba a bakin titi, shi ne hanya mafi sauri ta kashe buwat, kuma kuskure ne da ke faruwa ba don mugunta ba. Ka ga ke nan otomatik ba ta fi manuwal lalacewa ba in an kula da ita. Matsalar ita ce kai na uku ne ko na huɗu da zai riƙe ta, ba ka san me na baya suka zuba ba, kuma in ta lalace masu iya buɗe ta su gyara da gaske kaɗan ne. Galibi sai a ce a nemo wata ta hannu, ita ma sa'a ce.

Batun yashi yana buƙatar adalci. Otomatik ta gargajiya ba ta da laifi a yashi, wani lokaci ma ta fi sauƙi ga wanda bai ƙware ba, don ba ta yanke ƙarfi yayin canjin giya. Ana sa ta a 2 ko L don kada ta riƙa hawa da sauka. Illarta zafi ne in tafiyar ta yi tsawo, da ɗabi'ar jefa ta D da R, wato gaba da ribas, da sauri in an kafe, tayoyi na juyawa, wanda ke ƙona farantan ciki. A manuwal kuma ƙa'idar ita ce ka zaɓi giya kafin ka shiga, galibi ta biyu, juyi wajen 2,500 zuwa 3,000, ƙafar hagu a ƙasa nesa da kuloci, sitiyari a miƙe gwargwadon hali, kada ka canja giya a tsakiya don daƙiƙar da ka taka kuloci yashi ya riƙe ka. Rage iskar taya daga bar 2.2 zuwa wajen 1.5 a ma'aunin iska kafin dogon yashi yana aiki fiye da duk wata dabara, muddin kana da famfo a but ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. In ka kafe, tsaya nan take. Sauka, tone gaban tayoyi, shimfiɗa kara ko rassa ko tabarmar ƙafa, koma baya ta kan sawunka. Wanda ya zauna yana ba da wuta da rabin kuloci zai iya ƙone farantin da ya kamata ya yi masa shekaru a cikin minti goma. Da ka ji wari mai kama da ƙonannen birki, kashe ka bari ya huce. Gaskiyar magana ma, a hanyar ƙauyenku tsayin cikin motar daga ƙasa ya fi nau'in buwat muhimmanci. Da damina kuma, ƙoramar da ruwanta ya haura tsakiyar taya ba ta kowace irin ƙaramar mota ba ce, kuma in inji ya mutu cikin ruwa ba a sake tada shi.

Inda manuwal ta yi wa otomatik nisa a karkara shi ne ranar da abu ya lalace. Zafi na cin batir, kuma ranar da ya kwanta maka a ƙauye, manuwal samari uku sun isa: buɗe makulli, giya ta biyu, taka kuloci, su tura, ta ɗan yi gudu ka saki da sauri, ta kama. Otomatik ba ta tashi da turi ko garin duka ya fito, sai an samo wani batir ko wayoyin haɗi. Haka ja da igiya. Manuwal a firi ana janta har Maradi. Otomatik in inji ba ya aiki famfon manta ba ya juyawa, jan ta mai nisa da tayoyin da ke tuƙi a ƙasa yana cinye cikinta a bushe. Sai an ɗaga gaban ko an ɗora ta a babbar mota. Shan mai kuma, tsohuwar otomatik mai giya 4 takan ɗara ƴar'uwarta manuwal da wajen rabin lita zuwa lita guda a kilomita 100, musamman cikin gari. A sababbin motoci wannan bambancin ya kusa ɓacewa, amma ba su kake shirin saya ba.

To, yaushe zan ce maka otomatik? In tafiyarka duk cikin gari ce da kan kwalta, kana ratsa wajen babbar kasuwa ranar Litinin da Juma'a inda ake rarrafe tsakanin amalanke da adaidaita da kabu-kabu. In kana da ciwon gwiwa ko ƙugu a hagu. In motar ta gida ce, maiɗakinka ko mahaifi mai shekaru za su riƙa tuƙa ta kuma ba su da niyyar koyon kuloci. Kuma kada a raina wannan: sabon direba a otomatik hankalinsa duka na kan hanya, ba ya rabuwa tsakanin ƙafa da hannu da ɗan babur da ya ɓullo ta dama, wannan riba ce ta gaske a watannin farko. In ɗaya daga waɗannan ya shafe ka, ka sami ta gargajiya mai tsabtataccen mai, saya ba tare da jin kunya ba. Amma ko da haka ka ƙarasa koyonka ka karɓi permi da manuwal. Wanda ya iya manuwal cikin rabin awa yake sabawa da otomatik, wanda ya fara da otomatik kuwa ranar da aka miƙa masa makullin Hilux ta wurin aiki ko ta wani ɗan'uwa sai ya tsaya kallo.

Ranar saye, je da makanikinka, ba na dillali ba, kuma ka nemi a bar motar ta kwana ba a tada ta ba, don aibi da yawa sanyin safiya ke tona su. A manuwal, lura da inda kuloci ke kamawa: in sai can sama dab da ƙarshe, farantin ya kusa ƙarewa. Ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali da ɗan totur. Lafiyayye zai kashe injin nan take, in inji ya ci gaba da juyawa to zamewa yake. A kan hanya, sa ta huɗu a gudun 50 ka take totur har ƙasa: in allurar juyi ta haura gudu bai ƙaru ba, hukunci ɗaya ne. Ƙarar da ke fitowa in ka taka kuloci ta bute ce, mai sauƙi. Wadda ke nan a firi ta ɓace in ka taka, ta boris ɗin cikin buwat ce, ta fi tsada. Gurnani wajen shiga ta biyu ko ta uku zoben daidaitawa ne ya cinye. Giyar da ke fitowa da kanta in ka ɗaga ƙafa daga totur, bar motar. Kulocin da ya ƙare ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne.

A otomatik, zaro sandar awo ka goga a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu, lafiya. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, juya ka tafi, canjin mai ba ya ta da farantin da ya riga ya ƙone. Sabon mai fes a tsohuwar motar da komai nata ya tsufa shi ma abin tambaya ne. A Toyota ana awon ne inji na aiki, ya yi zafi, mota a P a wuri shimfiɗaɗɗe. A Honda sai an kashe injin a auna cikin minti guda. Taka birki ka sa D, sannan R: ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba jinkiri, ba duka kamar an buga guduma. Tuƙa ta aƙalla minti 20 har ta yi zafi sosai, don wata tana lafiya da sanyi sai ta ɗau zafi take fara zamewa. Juyin da ke tashi tsakanin giya da giya kafin ta kama, ko fitilar O/D OFF ko ta D da ke ƙiftawa, duka saƙo ne. Tabbatar fitilar inji na kunnuwa in an buɗe makulli sannan ta mutu bayan tashi, don akwai masu cire ƙwan, kuma a sa mata kwamfuta a karanta. Ka tambaya kuma ko an taɓa juya motar daga otomatik zuwa manuwal. Ana yin haka in buwat ta mutu, kuma aikin da ba a yi da kyau ba yana barin agogon gudu ba ya aiki, fitilar ribas a mace, fitilar inji a kunne kullum, fedar kuloci a walde a karkace.

Kowacce ka ɗauka, kada ka zuba duk abin da ka tara a kan kuɗin motar. Ware kamar kashi ɗaya cikin goma don bidanj na inji da na buwat, wanke lagireto, batir da tayoyi, ban da asiransi da takardu. In kuma wata rana ka zauna a otomatik bayan ka saba da kuloci, naɗe ƙafar hagu can baya kusa da kujera ka bar dama ta yi totur da birki ita kaɗai, don hagun da ta saba takawa har ƙasa za ta nemi kuloci ta sami faffaɗan birki, duk wanda ke cikin motar sai ya sumbaci gilas. Wajen ajiye ta a gangare kuma, birkin hannu ake fara ja motar ta zauna a kansa, sannan a sa P.